Mu Daina Laɓewa Bayan "Gado Ne"

'Yan'uwana maza da mata, akwai wata magana da ta yi mana yawa a baki, kuma tana cin 'ya'yanmu. Yaro ya shekara biyar, tsayinsa na ɗan shekara uku, sai a ce gado ne, danginsu duk gajeru ne. Yarinya ta wuce shekara biyu ba ta fara haɗa kalma ba, sai a ce nauyin baki ne irin na gidansu. Yaro na zuwa makaranta, allo da boko duka, karatu ya ƙi zama a kansa, sai a ce ai ba a ƙasa ya ɗauka ba, ubansa ma haka ya yi. Da an faɗi haka, magana ta ƙare. Ba mai leƙa kwanonsa. Ba mai tambayar ruwan da yake sha. Ba mai ƙirga sau nawa ya yi gudawa a daminar bana. An ɗora wa kakanni laifi, kowa ya koma harkarsa.

Ya isa haka. Ku tsaya mu duba.

Gado gaskiya ne, babu mai musu. Allah Ya tsara kowane ɗa ya zo da rabo daga uwa da rabo daga uba. A cikin ƙwayoyin halittar jikinsa akwai wasu siraran zare guda 46, uwa ta ba da 23, uba ya ba da 23. A jikinsu launin fatarsa yake, da ƙirar hancinsa, da rukunin jininsa. Shi ya sa kaka ke ɗaukar jariri ranar suna ta ce ga goshin wane, ga yatsun wance. Tunda mun zo wurin, ku riƙe wannan ma: ko ciki zai zama namiji ko mace, cikin ikon Allah, daga abin da uba ya bayar yake fitowa. Duk mai tsangwamar matarsa don ta jera 'ya'ya mata, ya daina daga yau.

Amma abin da yaro ya gada iyaka ce, inda zai iya kaiwa. Ko ya kai can ko ya tsaya a hanya, wannan yana ga abin da ya shiga cikinsa, da ciwon da ya same shi, da hannun da ya ɗauke shi, da muryar da ta yi masa magana. Wannan kuwa mu ne. Ni ne, kai ne, ke ce.

An gwada an gani. Daga 1997 zuwa 2003, Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna yara kusan 8,500 a ƙasashe shida: Ghana, Indiya, Oman, Birazil, Norwe da Amurka. Baƙaƙe da farare, Larabawa da Indiyawa. Ta zaɓi yaran da suka sha nonon uwa, gidajensu ba yunwa, ga kulawar asibiti. Me aka samu? Ɗan birnin Accra da ɗan birnin Oslo girmansu na tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa har shekara biyar. Daga wannan aikin aka fitar da ma'aunin girman yara a 2006, wanda duniya ke amfani da shi har yau.

To, ku juyo gida. Babban binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma kashi 57 ne. A Katsina ya haura 60. A Jigawa 64. A Kebbi 66, wato yara biyu cikin kowane uku. A Anambra kuwa 14. Jininmu ne ya fi na kowa rauni? Wallahi a'a. Jikokin fataken da suka taka daga Kano zuwa Gwanja da ƙafa ne waɗannan yaran. Yunwa ce. Gudawa ce. Zazzaɓi ne. Ku dubi Koriya ta Kudu: cikin shekara 100, matsakaicin tsayin matansu ya ƙaru da kusan santimita 20. Ba su sake kakanni ba. Abinci suka gyara, da ruwa, da asibiti.

Ga yadda yunwa ke yaudararmu, ku saurara da kyau. Yarinya ta tashi ba ta ƙoshi ba, ta tsumbure. Ta yi ciki tun jikinta bai gama ginuwa ba, jininta kaɗan. Ta haifi jariri ɗan mitsitsi. Shi ma ya tashi a kan tsararon koko, ya tsumbure. In mace ce, ita ma ta maimaita. Sai mu tsaya mu ga kaka gajera, uwa gajera, jika gajera, mu ce to ga shi nan, gado ne. Abin da suka gada tukunya ɗaya ce da rijiya ɗaya. Wannan sarƙar ana tsinka ta, kuma a gidanka za a fara.

Mu fa mun san wannan ilimin, a kan dabba muke aiki da shi. Mai kiwon ragon layya zai zaɓi Balami ko Uda, ya duba ƙashi, ya tambayi asali. Amma bai taɓa ɗaure shi ya ce tunda iri ne mai kyau zai yi ƙiba da kansa ba. Zai nemo harawa. Zai nemo dusa da kowa. Zai sa kanwa, ya ba shi maganin tsutsa, ya share masa makwanci, in ya ga ya yi sanyi ya kira malamin dabbobi tun kafin rana ta faɗi. Ɗan da ka haifa ya fi cancantar wannan himmar sau dubu.

Ku fara tun daga ciki. Masana lafiya na ƙirga kwana 1,000, daga shigar ciki zuwa ranar da yaro ya cika shekara biyu. A nan ake gina ƙashi. A nan ake gina ƙwaƙwalwa. Jariri na zuwa duniya da ƙwaƙwalwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ta babba, kafin ya cika shekara uku ta kai kusan kashi 80 cikin 100. Abin da aka rasa a wannan tsakanin, ramuwarsa da wuya. A hunturun 1944 zuwa 1945, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Jamus sun toshe hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar Holan. Yunwar ta yi 'yan watanni ta wuce. Amma da likitoci suka bi sawun waɗanda ke cikin ciki a lokacin, sai suka tarar bayan shekara 50 ciwon sukari da ciwon zuciya sun fi kama su. Yunwar da uwa ta ji, ɗa ya biya ta da furfura a kansa.

Maigida, da kai nake. Tsokar da ake zaɓowa a sa maka a kwano, tura ta gaban mai cikin. Sayo wake. Sayo hanta ko da ta kuɗi kaɗan ce. Sayo kifi, ko busasshe. Gishirin da za ka shigo da shi ya zama na leda mai sinadarin aidin, don rashinsa na sa wa uwa maƙoƙo, ya dakushe ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta. Ba ta izinin zuwa awo. Ba ta kuɗin mota. In da hali, raka ta. Ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ta, tambaye ta kullum ko ta sha. Ɗaura mata gidan sauro da hannunka. Rage mata surfe da ɗiban ruwa. In naƙuda ta zo, a kai ta inda akwai ƙwararriyar ungozoma, kada a jira sai ta galabaita. Kuma in ta sauka lafiya, a bar ta ta huta. Likitoci na ba da shawarar aƙalla shekara biyu kafin wani cikin. Kwanika na cin mutum uku a lokaci ɗaya: na goye, da na ciki, da uwar.

Inna, Goggo, Hajiya kaka, ungozomar unguwa, yanzu ku ne. Ranar haihuwa maganarku ce doka a ɗakin mai jego, don haka ku yi amfani da ita. A sa jariri a nono cikin sa'ar farko. Kada a matse dakashi a zubar. Wannan ruwan mai kauri mai launin ɗorawa ba datti ba ne, ba nonon da ya lalace ba ne. Cike yake da garkuwar da uwa ta tara, ita ce kariyar farko da jariri zai samu daga gudawa da ciwon ƙirji. A ba shi. A ba shi duka. Daga nan nono zalla har wata shida. Ba ruwa, ba jiƙe-jiƙe, ba madarar shanu. Na san abin da za a ce: a zafin bazara na Sakkwato ko Damagaram, a hana jariri ruwa? Iyayena, kusan kashi tara cikin goma na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwa ne mai tsabta da ƙuda bai taɓa ba. Uwa ta sha ruwan, ta sha kunun, jariri ya sha nono. Ruwan randa na cika masa ciki ba abinci, ya shigar masa da cuta. A binciken nan na 2018, jarirai 29 kacal cikin 100 ke samun nono zalla a Najeriya. Wannan ba ya buƙatar sisin kwabo. Goyon bayanku kawai yake buƙata. Kuma a ci gaba da shayarwa har shekara biyu, adadin da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara, wanda likitocin yau ma a kansa suka tsaya.

Wata shida ta cika? To a nan yawancin 'ya'yanmu ke fara zamewa. Ku dubi kokon da ake ɗura wa ɗan wata takwas. Tsararo ne. In ka karkata cokali sai ya zube kamar ruwa. Cikin yaro ƙarami ne, ludayi kaɗan ke cika shi, mun cika shi da ruwan gasara. Ya ƙoshi a ido, jikinsa na jin yunwa. Ku kaurara kunun, ya zama yana tsayawa a cokali. Ku soya gero ko dawa ko masara, da waken suya, da gyaɗa, ku niƙa tare, ku riƙa dama masa. Ku ɗiga manja ko man gyaɗa. Ku daka busasshen kifi ku barbaɗa. Ku murje wake. Ku murje kabewa. Zogale na bayan ɗaki, kuka na cikin kwalla, rama da alayyahu na bakin kasuwa, gwanda da mangwaro na zuwa da lokacinsu. Ba abin da za a yo oda daga waje.

Ku ba yaro ƙwai. A wasu gidajen har yau ana cewa ƙwai na koya wa yaro sata. Ba gaskiya ba ne. Kaza ta yi ƙwai a gidanka, a kwashe a kai kasuwa, a sayo wa yaro alewa da biskit? Ku ajiye masa ko guda ɗaya. Uwa mai tallan nono, ki rage na ɗanki kafin ki ɗora ƙwarya a ka.

Kuma ku lura da yadda ake cin abincin. An ajiye kwano ɗaya a tsakar gida, yara biyar sun kewaye shi. Ɗan shekara bakwai ya kai loma huɗu kafin ɗan shekara ɗaya da rabi ya gama hura ta farko. Miya ta ƙare. Ƙaramin ya tashi da gayan tuwo a hannu, yana lasar yatsa. Da dare a ce ai ya ci da yayyensa. Bai ci ba. Ku ba shi kwanonsa daban. Ku zauna kusa da shi. Ku lallashe shi, ku ga abin da ya shiga bakinsa da idonku. Sau uku ko huɗu a wuni, da ɗan abin taɓawa a tsakani.

In kun ga yaro na ramewa, damtsensa ya sirance, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, tamowa ce. Ba maita ba ce, ba baki ba ne. Ku ruga asibiti. Akwai wani ɗan ma'auni mai launi uku da ake zagaya wa damtse, in ya nuna ja, ƙasa da santimita 11 da rabi, ran yaron na cikin haɗari. Tana da magani. A yunwar 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 a Nijar, akasarinsu a yankin Maraɗi, da wannan haɗin na gyaɗa da madara da ke zuwa a ƙaramar leda. Haɗin nan magani ne, na yaron da aka rubuta wa ne shi kaɗai. Kada a raba wa yayyensa. Kada a kai kasuwa. In ka gan shi a kan tebur ana sayarwa, kada ka saya, kuma ka yi magana, don daga bakin wani yaro mai jinya aka fizge shi.

Abinci kaɗai ba ya isa in ciwo na kwashe shi. Kowace gudawa na mayar da yaro baya. Ku wanke hannu da sabulu bayan bayan-gida, bayan wanke wa yaro kashi, kafin girki, kafin ba shi abinci. Kashin yaro a masai za a zuba, ba a bayan ɗaki ba. Ku rufe randa. Ku raba wurin rarrafen yaro da kashin kaji da na awaki. In gudawa ta zo, ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinc ta kwana goma, kuma kada a tsayar da nono. Rigakafi kyauta ne: ranar haihuwa, sati shida, sati goma, sati goma sha huɗu, wata tara, wata goma sha biyar. Ku cika katin har ƙarshe. Da ɗigon nan da aka bi gida-gida aka kori shan inna ta daji, har aka tabbatar da hakan a 2020. Ƙyanda da mashaƙo kuwa suna nan, suna neman yaron da ba a yi wa ba. Damina ta zo, masu rabon maganin zazzaɓi sun yi sallama, ku buɗe musu ƙofa.

Akwai kuma dafin da ido ba ya gani. Kada mu manta Zamfara. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega, yara suka riƙa jijjiga suna mutuwa. Aƙalla 400 suka tafi. Ba daga jinin iyayensu ba ne. Dutsen zinare ne ake kawowa cikin gida, ana dakawa, ana niƙawa, ana shanyawa a tsakar gida, alhali cike yake da dalma. Ƙurar ta sauka a ƙasa, mai rarrafe ya dafa, ya kai hannu baki. Waɗanda suka rayu, da yawa sun tashi da raunin ƙwaƙwalwar da ba ya warkewa. A 2015 abin ya sake faruwa a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, yara 28 suka mutu. Ɗan'uwa mai haƙar zinare, nemi halalinka, amma kada dutsen ya shigo gida. Ka yi wanka, ka sake kaya kafin ka ɗauki ɗanka. Mai fasa tsohon batirin mota, kai ma haka. Iyaye mata, a daina rambaɗa wa jarirai kwallin dutse. A 2011 a birnin Boston na Amurka, an sami dalma a jinin wani jariri, aka bi sawu aka gano kwallin da aka kai daga Najeriya ne, da aka auna shi sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Idon jariri da kyansa ya zo.

Yanzu ga wanda ba ya cin ko naira ɗaya, kuma shi muka fi sakaci da shi. Ku yi wa yaro magana. Tun yana zanin goyo, ku yi masa magana. A 1986 a birnin Kingston na Jamaika, an ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata tara zuwa shekara biyu. Wasu daga cikinsu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a mako har shekara biyu. Aikinta ta zauna da uwa ta nuna mata yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta faɗa masa sunayen abubuwa, ta yaba masa in ya yi daidai, da kayan wasan da aka haɗa da tarkacen gida. Bayan shekara 20 aka koma aka nemo su. Waɗanda aka yi wa wasan suna samun kuɗin shiga sama da na sauran da kashi 25 cikin 100. Wasa fa. Hira fa. A Romaniya kuma an ga ɗaya gefen: bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a 1989 aka buɗe gidajen marayu, aka tarar da dubban yara a gadaje, ba mai ɗauka, ba mai kallon idonsu. Jikinsu ya tsumbure, ƙwaƙwalwarsu ta tsumbure. Waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su cika shekara biyu su suka fi farfaɗowa.

Mu muna da abin yi tun asali. Muna da tawai. Muna da waƙar reno. Muna da Gizo da Ƙoƙi, da kacici-kacici, da motar kara da 'yar tsana. Ku dawo da su. Kina tankaɗe, faɗa masa wannan rariya ce, wannan gari ne. In ya yi gwaranci, amsa masa. In ya nuna akuya da yatsa, ce masa akuya ce, ga ɗanta can. Ajiye wayar nan, ki kalli fuskarsa. Kada a miƙa wa ɗan shekara ɗaya waya don ya yi shiru, waya ba ta amsa masa. Baba, in ka dawo daga kasuwa ko gona, ɗauke shi ka ɗora a cinya. Tambaye shi abin da ya gani yau. In ya dame ka da tambaya, gode wa Allah, ƙwaƙwalwarsa ce ke aiki. Ina girmama kunyar ɗan fari, al'adarmu ce. Ki ɓoye sunansa in kina so, ki ce yaron nan. Amma kada kunya ta hana shi nono a gaban surukai. Kada ta hana shi murmushinki. Bai san kunya ba, uwa ya sani. Kuma ku rage tsawa, ku rage duka, ku daina faɗa a gabansa. Yaron da ke kwana cikin tsoro, hankalinsa na kan tsira, ba ya kan koyo. Kada ku kira shi daƙiƙi. Yana ji, kuma yana yarda.

To, shin ba abin da ke gado na gaske? Akwai, kuma a nan ne ya kamata mu fi buɗe ido. Amosanin jini, wato sikila, gado ne tsantsa. Ba a ɗauka a abinci, ba a ɗauka a iska. Najeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu ita, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da rabinta, wato AS, lafiyarsa lau, bai ma sani ba. In AS ya auri AS, kowane ciki na da haɗarin ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato sikila. Ku fahimci wannan. Kowane ciki da nasa lissafin. Ana iya haifar uku a jere duk da ita. Duk wanda ya taɓa kwana a gefen gadon yaron da ciwon ya tasar wa, yana ihu ƙashinsa na sara, uwa na danna masa ƙafa har asuba, ba zai yi wasa da gwaji ba.

Samari da 'yanmata, ku je ku yi gwajin jini yanzu, tun kafin zuciya ta yi nisa. Iyaye, ku nema tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ba sai an sa rana an sayi kayan ɗaki ba. A yi a asibitin da aka yarda da shi, in akwai shakka a maimaita a wani. In auren zumunci ne, gwajin ya ƙara zama dole, don jini ɗaya na iya ɓoye abu ɗaya. Jihar Kano ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024. Kada mu jira hukuma ta tilasta mana abin da tausayin 'ya'yanmu ya isa ya sa mu yi. Liman, kafin ka ɗaura, tambayi takarda. Wakili, kafin ka karɓi sadaki, tambayi takarda.

Wanda kuma Allah Ya riga Ya ba ɗa mai sikila, kada ya karaya. Ko a nan kulawa na aiki. A ba shi ruwa da yawa. A rufe shi da hunturu. Ya kwana a gidan sauro. Ya cika rigakafi, ya sha magungunan da likita ya rubuta, akwai ma wanda ke rage yawan tashin ciwon. Da jikinsa ya yi zafi, asibiti, ba jira. A sa shi makaranta. Kada a ce masa ba zai daɗe ba. Masu sikila na girma, suna karatu, suna riƙe gidaje. Haka duk yaron da ya zo da wata lalura, kurma ne ko mai jinkirin fahimta, kada a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki. A fito da shi. A nema masa taimako da wuri.

In ɗanka ya riga ya wuce shekara biyu, kada ka ce ka makara. Ciyar da shi. Ba shi maganin tsutsar ciki. Kada ya tafi makaranta da cikin wofi. 'Yarka budurwa kuwa, uwar gobe ce, cika mata kwano, bar ta ta yi karatu, bar ƙashinta ya yi ƙwari kafin a ɗora mata ciki.

Malamai, ku hau mumbari da wannan maganar ranar Juma'a. Fastoci, ku faɗe ta ranar Lahadi. Mai unguwa, tara magidanta a ƙofar gidanka. Matan adashi, ku sa ta a bakinku ranar zubi. Mai hali, ka duba gidan da ke jikin katangarka, in akwai mai ciki ko mai goyo da ba ta ƙoshi, aika mata mudun wake, don yunwar wani gidan ta fi ƙarfin nasiha. Mai neman ƙuri'a ya zo, ku tambaye shi rijiyar burtsatse. Ku tambaye shi asibitin unguwa da ma'aikatansa da sikelinsa. Ku tambaye shi tsaron da zai bar manomi ya koma gona. Ku tambaya da babbar murya, ku sake tambaya.

Kada ku jira sabon wata. Yau da dare, kaurara kunun. Fasa ƙwan. Ware masa kwano. Ɗaura gidan sauron. Yi masa tatsuniya ɗaya kafin barci. Gobe da safe nemo katin nan duk inda aka jefa shi, goya yaron, ki kai shi a ɗora a sikeli, a auna damtsensa, ki tambayi ma'aikaciyar ko girmansa na tafiya daidai. Maigida, kai ne za ka ba da kuɗin motar. In maƙwabciyarki ba ta taɓa zuwa ba, yi mata sallama ku tafi tare.